Daga Gadon Asibiti Zuwa Tsakar Gida: Inda Ilimin Halayyar Iyali Ya Samo Asali

Tambayar da iyaye suka fi yi mani idan ɗiyarsu ko ɗansu ya gama lisans a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ya ce zai ci gaba da masta a ɓangaren iyali, ita ce: "To, malam, shi wannan karatu wane aiki ake ci da shi?" Wasu kuma su ƙara da cewa zaman aure da tarbiyyar yara ai ba a lakwal ake koyonsu ba, kakanninmu sun riƙe gidaje masu mutum arba'in alhali ba su taɓa riƙa alƙalamin boko ba. Tambayar tana kan hanya, kuma zan zo kanta. Amma a ganina ba ta amsuwa sai an san inda fannin ya fito, domin matsalar da ta haife shi kowane malamin makaranta ya san ta. Yaro ya gyaru a hannunka wata uku, ya tafi hutu gida, ya dawo maka kamar ba ka taɓa yi masa magana ba.

Ilimin halayyar ɗan Adam irin na jami'a ana ƙirga farkonsa daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus. Shi da waɗanda suka biyo bayansa mutum guda suke dubawa: yadda yake gani, yadda yake ji, yadda yake tunawa. Sigmund Freud na Biyana, wanda sunansa ya fi na kowa tashi, kusan duk maganarsa a kan uwa da uba ce, amma ba ya son ganinsu a ɗakinsa. Majinyaci shi kaɗai yake shiga, a rufe ƙofa, dangi kuwa yana ɗaukar su masu kawo cikas ga magani. A 1909 ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara biyar mai tsananin tsoron dawakai. Uban yaron ne yake rubuto masa abin da ke faruwa a gida, shi Freud sau ɗaya ya ga yaron lokacin jinyar. Da hannun uba aka yi aikin gaba ɗaya, amma da aka zo fassara, cikin kan yaron aka je neman ciwon.

Wanda ya fara fito da maganar fili shi ne Alfred Adler, tsohon abokin tafiyar Freud da suka ɓata. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, Adler ya buɗe wuraren ba da shawara da dama a jikin makarantun Biyana. Malami zai kawo matsalar ɗalibinsa, a kira iyaye, a kira yaron, a tattauna gaban sauran malamai don su ma su koya. Shi ne kuma ya nace cewa matsayin yaro a jerin haihuwa yana da tasiri a halinsa, ɗan fari daban, na tsakiya daban, auta daban. Bahaushe ba zai ji wannan a matsayin sabon labari ba. Hukumomin da suka karɓi mulki sun rufe wuraren nan a 1934. Ina so abokaina malamai su riƙe wannan, domin a harabar makaranta aka fara wannan aiki tun kafin ya sami suna.

A Amurka da Ingila an buɗe irin waɗannan cibiyoyi na yara masu matsala, amma da wani tsari mai ban mamaki. Likita ya ga yaro a ɗaki guda, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta ga uwa a wani ɗaki, uba kuwa yana wurin aiki, ba mai tambayarsa. Sai a 1949 John Bowlby, likita a Landan, ya rubuta yadda ya gaji da wani matashi da ya daɗe yana gani ba ci gaba, ya tara shi da uwarsa da ubansa a zama ɗaya. Aka yi ta cacar baki, amma daga ranar abubuwa suka fara motsi.

Akwai abin kunya a wannan tarihi, kuma bai kamata a ɓoye shi ga masu shirin shiga fannin ba. Da masana suka juya ido zuwa gida, kan uwa suka fara sauke laifi. A 1948 wata likita mai suna Frieda Fromm-Reichmann ta fito da ra'ayin cewa akwai irin uwar da halinta ke jawo wa ɗa babban taɓin hankali, wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Shekaru da dama uwaye suna kai ƴaƴansu asibiti, su dawo da ciwo biyu, na ɗan da na zargi. Daga baya bincike bai tabbatar da wannan ra'ayi ba, aka yi watsi da shi. Mu nan ma mun iya wannan waƙa. Yaro ya lalace, a ce tarbiyyar uwa ce. Ya zama mutum, a ce ɗan gidan wane.

Shekarun 1950 ne fannin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma a wurare da dama lokaci guda. A Palo Alto ta jihar Kalifoniya, Gregory Bateson, wanda asalinsa masanin al'adu ne ba likita ba, ya tara ƴan bincike, cikinsu da Jay Haley da John Weakland da Don Jackson. A 1956 suka fitar da wata maƙala da ta yi suna, a kan halin da mutum yake shiga idan wanda ba ya iya guje masa ya ba shi umarni biyu masu karo da juna. Misalin da ya fi kusa da mu: uba ya ce wa yaro, "Faɗa mani gaskiya, ba abin da zan yi maka," alhali dorina na hannunsa. In yaron ya yi magana ya sha duka, in ya yi shiru a ce raini ne, in ya ce "Baba, ai ga bulala a hannunka" laifin ya ninku, kuma ba shi da wani gidan da zai koma. Su Bateson sun ɗauka irin wannan zama in ya daɗe shi ke haifar da taɓin hankali. Nan ma ba a sami hujja ba. Abin da ya rage daga aikinsu shi ne hanyar kallo: a daina tambayar wa ya fara, a duba yadda maganar wannan ke jawo amsar wancan, amsar wancan kuma ta sake tunzura wannan, har abin ya zama zagaye. Miji yana daɗewa a fada don matar tana mita, matar tana mita don yana daɗewa a fada. Kowannensu in ka tambaye shi gaskiya yake faɗa, rabinta.

A daidai wannan lokaci Murray Bowen, a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, ya yi abin da abokan aikinsa suka ga kamar wauta. Daga 1954 ya riƙa kwantar da majinyaci tare da uwarsa, daga baya har da uba da ƴan'uwa, suna zaune a asibiti watanni ana lura da su. Daga nan ya fito da maganar da na fi ganin amfaninta a aji: idan mutum biyu suka kasa warware abin da ke tsakaninsu, sai su jawo na uku su ɗora masa. Sau da yawa na ukun nan yaro ne. Ɗalibin da ya daina karatu kwatsam, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya fara faɗa da kowa, wani lokaci kayan manya ne yake ɗauke da su. Bowen ne kuma ya koya wa ɗalibansa zana taswirar dangi har zuwa kakanni, maza da murabba'i, mata da da'ira, a ja layin aure da na saki da na gaba, don a ga abin da ke maimaita kansa daga tsara zuwa tsara.

Sai Salvador Minuchin, haifaffen Ajantina, wanda ya yi aiki a wata makarantar kangararrun yara ta jihar Niyok. Yaran ƴaƴan talakawa ne, baƙaƙen fata da ƴan Fotoriko, kuma ya lura duk wanda aka gyara aka mayar unguwarsu, ba a daɗewa sai an sake kawo shi. Shi da abokansa suka huda bango suka sa madubin da ake gani ta gefe guda, suna kallon juna suna aiki da iyalai, suna gyara wa juna. Minuchin ba ya dogon tone-tonen abin da ya wuce. Yana duban wa ke zaune kusa da wa, wa ke amsa tambayar da aka yi wa wani, wane yaro ne aka ɗora a kujerar uba. Da ya koma shugabancin cibiyar yara ta Filadelfiya a 1965, ya ɗauki mutanen unguwa waɗanda ba su da digiri ya horar da su wannan aiki, bisa hujjar cewa koya wa ɗan unguwa sana'ar ya fi sauƙi a kan koya wa mai digiri zaman unguwa. Duk mai tsara horon ma'aikata a ƙasarmu ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Hujja mafi ƙarfi kuwa daga Landan ta zo, ba tare da hayaniya ba. George Brown, masanin zamantakewa, ya bi sawun majinyatan da aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, ya tarar waɗanda suka koma wurin iyaye ko matan aurensu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka je gidan haya. Bincikensa da na waɗanda suka biyo shi a shekarun 1960 da 1970 ya nuna abubuwa uku ne ke tayar da ciwon: yawan suka, nuna ƙiyayya, da kuma kulawar da ta wuce kima har majinyaci ba ya samun numfashi. Gida bai haifar da ciwon ba, amma yanayin gida yana iya sa ya lafa ko ya tashi. Da aka fara zama da dangi ana yi masu bayanin cutar da yadda za su zauna da mai ita, komawa asibiti ta ragu. Wannan ne ya mayar da dangi abokan aikin likita bayan shekarun da suka yi a matsayin waɗanda ake tuhuma.

Littattafan da ake koyarwa da su yawanci daga nan suke tsallakawa Milan ta Italiya, wurin Mara Selvini Palazzoli da ƴan tawagarta. Ni kuwa nan nake so in tsaya, domin a shekarar da Bowen ya fara gwajinsa, wato 1954, wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fara nasa a Aro kusa da Abeokuta, kuma ya fi na Bowen nisa. Lambo ya dawo daga karatu a Ingila ya tarar da masu taɓin hankali a kulle kamar fursunoni. Sai ya shirya da dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin: majinyaci ya zo da wani nasa, uwa ko inna ko ƴar'uwa, su kama ɗaki a gidan mutanen ƙauye, da rana ya je asibiti karɓar magani, da dare ya kwana cikin mutane. Wanda ya rako shi yana dafa masa abinci, yana wanke masa tufafi, yana ganin yadda ake jinyar, kuma in an koma gida shi zai ci gaba. Lambo ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, abin da ya jawo masa surutu daga wasu abokan sana'arsa. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 1973 zuwa 1988.

A ɓangarenmu na ƙasashe masu amfani da Faransanci, sunan da za a riƙe shi ne asibitin Fann na Dakar. Henri Collomb, likitan sojan Faransa, ya isa can a ƙarshen shekarun 1950 ya shafe kimanin shekara 20. Ya buɗe ƙofofin sashen, ya kafa ƙa'idar cewa majinyaci ya kwanta da ɗan rakiya daga danginsa, ya kuma shigo da taron da Wolof ke kira penc, wato zaman dandali, inda majinyata da dangi da ma'aikata ke zama da'ira kowa ya faɗi abin da ke ransa. A 1965 suka fara fitar da mujallar Psychopathologie africaine. Shekara guda bayan haka Marie-Cécile Ortigues da mijinta Edmond suka wallafa Œdipe africain, bayan sun yi shekaru suna ganin yara da iyayensu a Fann, yawancinsu ƴan makaranta da karatu ya gagara. Abin da suka lura da shi shi ne yaron Senegal ba da ubansa kaɗai yake auna kansa ba. Akwai kakannin da suka rasu waɗanda ba a ja da su, akwai ƴan'uwa da tsararraki waɗanda ake tsoron a wuce su ko su wuce ka. An soki makarantar Fann daga baya, har da ƴan Senegal da suka gaje ta, cewa Turawan sun ƙawata gargajiya fiye da yadda take. Sukar tana da tushe. Duk da haka ɗan rakiyar da muke gani yau a gefen gadon majinyaci, wanda mu muke ɗauka abu ne na kullum, a can an mayar da shi ginshiƙin magani da gangan.

Ko nazarin shaƙuwar jariri da uwa, wanda duk ɗalibin fannin yake haddacewa, a Afirka aka fara gwada shi a fili. Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955, tana zagaya gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, tana kallon yadda jarirai ke rarrafawa su yi nisa da uwa su dawo su taɓa ta su sake tafiya. Sai bayan haka ta maimaita aikin a Amurka.

Sana'ar ta sami takardu sannu a hankali. Mujallar farko ta fannin ta fito a 1962, jihar Kalifoniya ta fara ba masu ba da shawarar aure da iyali lasisi a 1963, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ware wa iyali reshe a tsakiyar shekarun 1980, da mujallarsa a 1987. A Amurka yau hanya biyu ce: masta ta shekara biyu zuwa uku sannan aiki ƙarƙashin kulawar gwani, wanda a Kalifoniya ya kai awa 3,000 kafin a ba ka lasisi, ko kuma digirin dakta ga mai son a kira shi masanin halayya. A Faransa dokar 1985 ce ta tsare sunan: sai mai lisans da masta duka a fannin, da sitaj na awa 500. Ƙwarewa a aikin iyali kuwa yawanci bayan masta ake ƙara ta, a cibiyoyi na musamman. Tsarinmu na LMD, shekara uku da biyu da uku, da na Faransa ya yi kama, kuma a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Shawarar da nake ba iyaye a nan guda ce. Kafin ku biya kuɗin kowace masta, a gida ko a waje, ku tambayi awa nawa ɗalibi zai zauna da iyalai na gaske, kuma wa zai zauna bayansa yana gyara masa. Tun zamanin madubin Minuchin da haka ake koyon aikin nan, kamar yadda ba a koyon ɗinki da karatun littafi.

Sai dai wanda ya karanto zai dawo ya tarar da gidan da littafinsa bai zana ba. Ku ɗauki taswirar Bowen ku gwada ta a wani gida a Tibiri ko Mirriya. Maigida da mata uku, ɗaya ta fita ta bar ƴaƴa biyu a hannun kishiya, akwai ɗan riƙo da aka kawo daga ƙauye, akwai agola, kaka tana ɗakin ƙofa kuma maganarta ta fi ta kowa, ƙanen maigida yana Agadas ko Libiya amma matarsa tana nan. Takarda ɗaya ba ta isa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane. Wanda ya haddace Ainsworth bai san kunya ba zai rubuta cewa ba ta son yaron, alhali kaka ko gwaggo tana can tana ba shi abin da uwar ta ɓoye. Wanda yake son ganin wannan a rubuce ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ko aikin Barbara Cooper na 1997 a kan aure a Maraɗi. Kuma tara miji da mata da ƴaƴa a ɗaki guda a ce kowa ya faɗi laifin kowa, kamar yadda ake yi a Filadelfiya, a nan yana iya rusa abin da aka zo gyarawa. Suruka ba ta buɗe baki gaban uwar miji. Dole a san wa za a fara gaisarwa, wa za a gani shi kaɗai, wa za a aika.

Ba kuma fili ne da babu kowa ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka, kuma waliyyai da limamai da masu unguwa da fadar sarki suna wannan aiki tun kafin a haifi Freud. A dokar ƙasarmu ma, aure da saki da riƙon yara da gado bisa al'adar masu shari'a ake yanke su, alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, kuma yunƙurin kafa kundin dokar iyali ya ci tura a shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. Matashin da ya zo da masta yana ganin zai maye gurbin waɗannan mutane, ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Abin da yake da shi wanda su ba su da shi shi ne ya gane lokacin da "taurin kai" na amarya ƴar shekara 15 ciwon damuwa ne, lokacin da shirun mai jego ya wuce na al'ada, lokacin da duka ya kai inda ba a cewa a yi haƙuri. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. A irin wannan ƙasa masu wannan ido ba su yi yawa ba.

To, ina aikin yake? In faɗa maku gaskiya, buɗe ofis a jira ma'aurata su zo su biya kuɗi, kamar a Turai, ba ya ciyar da mutum a Tawa ko Damagaram yanzu. Guraben gwamnati kaɗan ne: sashen masu taɓin hankali irin Pavillon E na babban asibitin Yamai, ma'aikatar kula da mata da yara, ofisoshin da ke aiki da alƙalin yara, koyarwa a makarantun horon malamai da na ma'aikatan lafiya, sai jami'a ga wanda ya kai dakta. Mafi yawan waɗanda suka sami aiki a ƴan shekarun nan ƙungiyoyin agaji ne suka ɗauke su. Tun yunwar 2005 cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa suka fahimci cewa abinci kaɗai ba ya tayar da yaron da uwarsa ta yanke ƙauna, sai an zauna da ita an maido da wasa da hira tsakaninsu. Hare-haren Boko Haram a Bosso da Difa daga Fabrairun 2015, da ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da suka shigo jihar Maraɗi daga 2019, da bakin haure da ake maidowa Agadas, duk sun buɗe guraben masu tallafa wa iyalan da suka watse. Albashin ya fi na gwamnati, amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, in kuɗin furoje ya ƙare aiki ya ƙare. A wuraren nan abin da ake fara tambayar mai neman aiki, bayan takardarsa, shi ne ko yana jin Hausa ko Barbarci ko Zabarmanci sosai har ya iya zama da tsohuwa ba tare da tafinta ba.